Gas ɗin da ke kwance cikin kwal da abin da rami ya koya mini

Na shiga aikin iskar metan ta ƙofar lissafi. A makaranta an koya mana cewa kubik mita ɗaya na tsantsar metan yana ɗauke da zafin da ya kai kusan kilowat-awa 10, injin gas mai kyau kuma yana mayar da kimanin kashi 40 cikin 100 na wannan zafi zuwa lantarki. Ke nan in megawat ɗaya kake so, sai ka tanadi kubik mita 250 na tsantsar metan a kowace awa. Na haddace wannan tsaf, da shi kuma na isa mahaƙar kwal ɗin da aka tura ni samun horo, inda aka kafa ƙaramar tashar lantarki mai cin gas ɗin da ake zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. A raina aikin bai wuce bututu da inji da waya ba. Lissafin nan daidai yake har gobe, sai dai a jerin abubuwan da mutanen mahaƙa ke dubawa, shi ne a can ƙarshe.

Wanda aka damƙa ni hannunsa wani dattijo ne da ya shafe fiye da shekara 30 yana kula da iskar rami. Na zaci ɗakin injuna zai fara kai ni. Sai ya miƙo mini hular kwano mai fitila da gwangwanin numfashi na ko-ta-kwana da ake ratayawa a ƙugu, ya ce mu tafi ƙasa. A bakin kejin da ke saukar da mutane rami aka laluba aljihunanmu. Ba a shiga da ashana, ba a shiga da wayar hannu, hatta agogo mai batir sai an kwance shi. Muna sauka iska tana dukan fuskokinmu, iskar da manyan fankoki ke ja dare da rana ba hutu. Da muka yi tafiya mai ɗan nisa sai ya tsaya a wani wuri da dutse ya taɓa ɓallewa daga rufi ya bar kogo. Ya riƙe ma'aunin gas daidai ƙirjinsa ya nuna mini: kusan babu komai. Daga nan ya ɗaga shi ya cusa bakinsa cikin kogon. A kan idona lambar ta riƙa hawa har ma'aunin ya soma kuka. Tsakanin inda muke shaƙar iska lafiya lau da inda tartsatsi ɗaya zai tayar da wuta, bai fi tsawon hannu ba.

"Injiniya, ga man da ka zo nema," in ji shi. "Fara ganinsa a gidansa tukuna."

Metan ba shi da launi, ba shi da wari. Warin da ake ji a gas ɗin girki wani sinadari ne ake zuba masa da gangan, na rami kuwa babu mai zuba masa komai. Nauyinsa ya ɗan ɗara rabin nauyin iska, shi ya sa yake neman sama ya laɓe a rufi. In ya gauraya da iska ya kai tsakanin kashi 5 zuwa kashi 15 cikin 100, ya zama abin fashewa, mafi munin fashewar kuma tana wajen kashi 9 da rabi. Ƙasa da 5 bai isa ya kama da kansa ba, sama da 15 kuma iskar da zai ci da ita ta yi kaɗan. Duk wata doka da duk wata na'ura da na gani a wannan aiki, a kan waɗannan lambobi biyu aka gina su.

Na daɗe ina ɗauka gas ɗin yana taruwa ne a wasu kogunan ƙasa kamar ruwa a tulu. Ashe a jikin kwal ɗin yake manne. Tun lokacin da tsirrai suka binne suna rikiɗa zuwa kwal cikin miliyoyin shekaru ake samar da shi, ya shige ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, nauyin ƙasa da na ruwa suka danne shi a can. Galibi gwargwadon zurfin kwal, gwargwadon gas ɗin da yake riƙe da shi. Da zarar an yanka, dannewar ta sassauta, sai ya fara fita. Kuma ba daga kwal ɗin da ake yanka kaɗai ba. A haƙar dogon bango, inda inji ke aske kwal yana ci gaba ana barin rufin baya ya rufta, duwatsun sama da na ƙasa suna tsattsagewa, siraran shimfiɗun kwal da ke cikinsu su saki nasu gas ɗin zuwa wurin da ya rufta. Ni kufai nake kiran wannan wuri, domin kowa ya tashi ya bar shi, ba mai sake shiga, amma yana nan yana numfashi a bayan mutanen da ke aiki.

Dattijon ba mai yawan magana ba ne, amma in aka taɓo tarihin sana'arsa sai bakinsa ya buɗe. Daga gare shi na fara jin cewa a da, a wasu mahaƙan Ingila, akan sami mutum guda da zai lulluɓe jikinsa da jiƙaƙƙen tsumma, ya rarrafa da kyandir a kan doguwar sanda, ya ƙone gas ɗin da ya taru a rufi kafin sauran ma'aikata su shigo. A 1812 fashewa a mahaƙar Felling ta kashe mutum 92, a 1815 kuma masanin kimiyya Humphry Davy ya fito da fitilarsa mai ragar ƙarfe wadda ke hana harshen wuta tsallakawa waje. Masu aiki da ita sun koyi karanta wani shuɗin haske da ke bayyana a saman harshen in akwai gas. Duk da haka a 1913 fashewa a mahaƙar Senghenydd ta ƙasar Wales ta ci ma'aikata 439. Abin da ke sa ɓarnar ta yi yawa shi ne metan kan zama ashana kawai: ƙaramar fashewarsa ta tayar da ƙurar kwal, ƙurar ta kama, wutar ta bi hanyoyin rami kaf. Shi ya sa ake barbaɗa garin farin dutse a bango da daɓe, don ya hana ƙurar kamawa. Kada mai karatu ya ce wannan labarin da ne. A 2010 mutum 29 suka mutu a mahaƙar Upper Big Branch ta Amurka, wasu 29 a Pike River ta Niyu Zilan a cikin wannan shekara, a 2021 kuma 51 a Listvyazhnaya ta yankin Kuzbas a Rasha.

Hanya biyu ake raba ma'aikata da wannan gas. Ta farko ita ce a tsarma shi da iska mai yawan gaske har ya koma ƙasa da kashi 1, fanka ta ja shi waje. A dokar Amurka, misali, in ya kai kashi 1 a wurin aiki sai a kashe na'urorin lantarki, in ya kai 1 da rabi a fitar da mutane. Ta biyu ita ce a tare shi tun bai shigo hanya ba: a huda ramuka irin na burtsatse cikin kwal kafin a yanka, ko a saman kufai, a haɗa su da bututu, famfunan zuƙa da ke sama su ja. Wannan na biyun ne abincin injunanmu. Ana so ya iso da kauri, kashi 30 ko sama, wato ninki biyu na iyakar fashewa ta sama. Wasu ƙasashe suna tsayawa a 25. To ka ga gas ɗin yana da gida biyu da aka yarda ya zauna, ko can ƙasa da 1 ko can sama da 30. Aikinmu duka shi ne kada ya sauka a tsakiya.

Kuskurena na farko a nan ya faru. Wata rana injuna suna neman ƙari, sai na kawo shawarar a ƙara ƙarfin zuƙa, tunda a tunanina wanda ya ja da ƙarfi shi ke samun mai yawa. Dattijon ya bar ni na gwada kaɗan yana tsaye a kaina. Ma'aunin yawan abin da ke bi ta bututu ya hau, raina ya yi fari. Cikin mintuna kaɗan kaurin ya fara sauka. Kwal ba ya sakin gas don ka matsa masa, da saurinsa yake saki. Abin da na ƙaro iska ce da ta sulalo ta tsagogin dutse da bakunan ramuka. Da na ninka yawan da kaurin don in fitar da tsantsar metan, sai na tarar kusan ban ƙara komai ba, na dai matso da bututun kusa da lambar da ake gudu. Akwai wani haɗarin ma da ya nuna mini daga baya: jan iska cikin kufai yana iya sa ragowar kwal ɗin da ke can ya ɗumama har ya kama wuta da kansa. Tun daga ranar ban sake duba lamba ɗaya ita kaɗai ba. Yawa da kauri tare ake karanta su.

Sai maganar ma'aunin nauyin iska. Na lura kullum da safe, kafin ya cire rigar sanyinsa, dattijon yakan tsaya gaban wannan ma'auni ya rubuta abin da ya gani a wani ɗan littafi. Na tambaye shi me ya haɗa hadari da abin da ke ɗaruruwan mita ƙarƙashin ƙasa. Ya ce in jira. Da wani hadari ya taso nauyin iska ya faɗi da sauri, sai ga gas ya ƙaru a bututu da kuma hanyar da iska ke fita. Kufai kamar huhu yake: in nauyin iskar waje ya ragu, gas ɗin da ke ciki ya buɗe ya turo waje, in ya ƙaru, kufan ya ja numfashi ciki. Ranar da injin yanka ya yi gudu sosai gas ya yi yawa, ranar hutu ya ja baya, in aka gama bango guda ana ƙaura zuwa wani kuma yana iya yin ƙasa na makonni. Ga ruwa. Gas ɗin yana fitowa da ɗumi da laima, in ya huce a hanya ruwan ya kwanta a inda bututu ya yi ciki, ya shaƙe shi. Wani leburan da ke zagayawa yana zubar da ruwan tarkunan bututu ya fi ni tasiri a kan yawan wutar da muke bayarwa, kuma na faɗi haka a rahotona.

Wannan hawa da sauka shi ya ganar da ni dalilin da ya sa ba a cika kafa ƙaton inji guda a irin wannan wuri ba. Ƙanana ake jerawa, na megawat 1 zuwa 2, da yawansu a cikin kwantena, in gas ya ƙaru a tayar da wasu, in ya ragu a kashe, in mahaƙa ta ƙare a ɗauke su zuwa wata. A mahaƙan Appin da Tower na jihar New South Wales a Ostareliya, injuna 94 masu megawat ɗai-ɗai aka jera tun a shekarun 1990. A mahaƙar Sihe da ke Jincheng a lardin Shanxi na ƙasar Sin, injuna 60 ne ƙashin bayan tashar megawat 120. Wanda ya auna tasharsa da ranar da gas ya fi yawa zai wayi gari da injunan da ya ci bashi ya saya suna zaune. Gara ka auna da abin da kake samu ko a mummunar rana, rarar kuma ka tanadar mata wurin ƙonawa. Zafin da inji ke fitarwa ma dukiya ne. In aka kama na hayaƙi da na ruwan sanyaya inji, amfanin da ake ci daga gas ɗin yana iya haura kashi 80. A ƙasashe masu sanyi da shi ake ɗumama gine-gine da iskar da ke shiga rami, a mahaƙar Pniówek ta Polan kuwa da shi ake sarrafa na'urorin da ke sanyaya wuraren aiki masu zurfi.

A wannan lokaci ne maganar ɗumamar yanayi ta kama ni sosai, har yanzu kuma ba ta sake ni ba. Tan ɗaya na metan da aka saki yana riƙe zafi kamar tan 28 na iskar kabon in aka auna a kan shekara 100, in a kan shekara 20 ne kuwa ya kai ninki 80. In ka ƙone wannan tan ɗin, tan 2.75 na iskar kabon kawai zai bari. Ko wutar lantarki ba ka samu ba, ƙonawar kaɗai ta rage ɓarnar da kusan kashi 90. Metan kuma bai wuce kimanin shekara 12 a sararin sama ba, saboda haka abin da aka hana fita yau, mu da muke raye za mu ga amfaninsa. Hukumar Makamashi ta Duniya tana ƙiyasta cewa harkar kwal tana sakin kusan tan miliyan 40 na metan a shekara, ƙasar Sin ce kuma kan gaba. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 ƙasashe fiye da 100 suka yi alkawarin rage metan ɗin duniya da kashi 30 kafin 2030, idan aka kwatanta da na 2020. Da na san waɗannan, duk lokacin da na ga an buɗe bututun saki gas yana tafiya sama a banza, sai in ji abin ya tsaya mini a wuya.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba bututun saki ba ne. Wata rana na tsaya kusa da babbar fanka ina jin rurinta, na ɗauki yawan iskar da take fitarwa na ninka da ɗan kason metan ɗin da ke ciki, wanda bai kai ko kashi 1 ba. Abin da ya fito ya fi duk abin da injunanmu ke ci. Haka abin yake a yawancin mahaƙan ƙarƙashin ƙasa: fiye da rabin metan ɗin ta fanka yake ficewa, a tsarme ƙwarai har ba ya kamawa. Akwai na'urar da ke iya cinye shi. Ana tura iskar ta cikin tarin tubalan yumɓu da aka gasa zuwa wajen digiri 1,000, metan ɗin ya ƙone ba harshen wuta, ana juya hanyar iskar lokaci-lokaci don zafin ya tsaya a tsakiya. Da kason da bai fi 0.2 zuwa 0.3 ba tana iya riƙe kanta. A 2007 an haɗa irin wannan da injin tururi a mahaƙar West Cliff ta Ostareliya, wutar da ya bayar ba ta wuce megawat 6 ba. Na'urar tana da girma da tsada, ribarta ta lantarki kaɗan ce, shi ya sa ba ta yaɗu ba sai inda doka ta tilasta ko ake biyan kuɗin rage hayaƙi. Ra'ayina shi ne mafi arhar hanyar rage metan ɗin fanka ita ce kyautata zuƙa tun daga tushe. Duk abin da ka kama da kauri a bututu, ka hana shi zuwa fanka a tsarme, ka kuma ɗauke shi daga kan ma'aikata.

Ko an rufe mahaƙa gas ba ya tsayawa nan take. Jamus ta rufe mahaƙarta ta ƙarshe ta baƙin kwal, Prosper-Haniel da ke Bottrop, a Disambar 2018, amma ana ci gaba da zuƙo gas daga tsofaffin ramukan yankin Ruhr da Saar ana yin wuta da shi, tun da dokar makamashinsu ta 2000 ta ba shi tabbataccen farashi. Yakan ragu sannu a hankali, ya yanke in ruwa ya cika ramin. Wannan gas ɗin shi ne wanda hankalina ya fi kwanciya da shi, domin babu wanda zai ce an ƙara haƙar kwal saboda shi. A mahaƙa mai aiki kuwa ina faɗa wa kowa gaskiya: kama metan bai wanke kwal ba. Iskar kabon da kwal ɗin zai fitar in an ƙone shi tana nan daram. Abin da muke yi rage wata ɓarna ce da ke faruwa yanzu, muddin ana haƙar, kuma wannan kaɗai ya isa dalili.

Da wannan zafin rai na shiga wani aikin dare, wata na biyar da zuwana. Wajen ƙarfe biyu kaurin gas ɗin da ke shigowa tasha ya fara zamewa. Daga wajen 40 ya sauko 36, ya sauko 33. An saita injunan su mutu da kansu in ya taɓa 30. Na bi rassan bututun ɗaya bayan ɗaya a allon kwamfuta, na gano reshe guda ne ke kawo gas mai ruwa-ruwa yana ɓata na sauran. Mafita ta bayyana gare ni a fili: a rufe bawul ɗin wannan reshe, kaurin ya dawo, injuna su ci gaba, babu gas ɗin da za a saki sama. Na ɗaga wayar cikin gida na kira dattijon, wanda ke kwana a ɗakin ko-ta-kwana a daren.

"Maigida, reshe na uku ne ke tsarma mana gas. Ina so in rufe shi kafin injuna su mutu."

Ya yi shiru kaɗan. "Ɗana, reshe na uku daga ina yake sha?"

Na duba taswira. Daga kufan da ke bayan bangon da ake yanka a wannan dare.

"Mutum nawa ke gaban bangon nan yanzu?"

Na san adadinsu, domin ni na ga allon da suka rataya lambobinsu kafin su sauka.

"In ka rufe, gas ɗin da reshen ke ɗauka ba zai koma cikin dutse ba," in ji shi. "Hanya zai nema, hanyar da ta rage masa kuma ita ce inda suke tsaye. Kada ka taɓa bawul. Kashe injunanka, ka juya gas ɗin zuwa bututun saki, ka sanar da heluman ƙasa ya sa ido a ma'auninsa. Ga ni nan zuwa."

Na kashe su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin da ya saba da ruri ya yi tsit, har ina jin ƙarar agogon bango. Na buɗe bututun saki ina sane da abin da kowane kubik mita ke yi wa sararin sama, ina kuma sane da cewa minti biyar da suka wuce na kusa tura wannan gas ɗin kan mutane, da kyakkyawar niyya, don in kare wata lamba a allo. Jikina ya yi sanyi. A lissafina na sa injuna, na sa yanayin duniya, ban sa mutanen da ke bayan bututun ba, alhali dominsu aka shimfiɗa shi tun farko.

Daga baya na yi ta tunanin abin da ya kai ni ga wannan shawara, na ga ba ni kaɗai ba ne ke iya faɗawa. A wurare da yawa kamfanin da ke da injuna daban yake da mai mahaƙa, akwai yarjejeniya tsakaninsu ta kawo gas kaza mai kauri kaza. In aka rubuta ta yadda mahaƙa za ta biya tara duk lokacin da gas ya gaza, to an ɗora wa wani ma'aikacin dare nauyin zaɓi tsakanin kuɗi da lafiyar 'yan'uwansa, shi kaɗai, da ƙarfe biyun dare. Haka dokar da ta ce gas mai kauri kaza ba a sakinsa, wanda bai kai ba kuma a sake shi: in ba a sa ido ba, tana iya zama kwaɗaitarwa ga mai son zuciya ya bar iska ta shiga bututu don ya sauka ƙasa da iyakar. Tun daga lokacin, duk takardar yarjejeniyar da ta biyo ta hannuna, layin da nake fara nema shi ne wanda ya ba mai kula da iskar rami ikon tsayar da tasha ko ƙin rufe reshe ba tare da an ci kowa tara ba. In babu shi, nakan ce a sa kafin mu yi maganar farashi.

Dattijon ya iso, muka sauka tare da mai gyaran bututu. Muka bi reshe na uku da ƙafa, muna tsayawa a kowane rami yana ɗaukar awo. Na farko lafiya, na biyu lafiya. Kafin mu kai na huɗu dattijon ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru. Can ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin hucin iskar hanya, akwai wani siririn fito. Bututun zuƙa in ya fashe ba ya fesowa waje, ciki yake ja, shi ya sa ba ka jin wari, ba ka ganin komai, ma'aunin da ke ƙirjinka ma ba zai ce uffan ba. Rufin wurin ya ɗan zauna, ya danne bututun, mahaɗin ya buɗe kamar faɗin ɗan yatsa. Dattijon ya ciro wani ƙyalle daga aljihu ya kai kusa, sai tsagar ta fizge shi ya manne. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin, na ji iska tana bi ta tsakanin yatsuna tana shigewa.

Mai gyara ya kawo maɗauri da roba, da sifana irin wadda ba ta tayar da tartsatsi. Muka tallafe bututun da katako, ya ɗaure mahaɗin, muka zubar da ruwan da ya taru a tarkon da ke gaba. Dattijon ya sake awo, ya jira minti goma ya sake, sannan ya kira heluman ya tambayi abin da ma'aunin bakin bango ke nunawa. Bai motsa ba duk daren.

Gari ya fara wayewa lokacin da muka fito. A allo kaurin ya koma 41. Na miƙa hannu zan tayar da injin farko, ya ce in ba shi rabin awa ya ga lambar ta zauna. Muka zauna muna kallonta. Da lokacin ya cika ya gyaɗa kai, na tayar da su ɗaya bayan ɗaya, na rufe bututun saki. A littafin aiki na rubuta awannin da tasha ta yi a kashe da kubik mitan da muka saki sama, ban rage ko ɗaya ba. Ya karɓi biron ya ƙara layi guda a ƙasa, adadin mutanen da suka sauka a daren da adadin da suka fito, sannan ya sa hannu ya je ya duba ma'aunin nauyin iska.